Shagon buga takardu na Nima da ya karanta mana hukuncin kotun Amurka

Jama'a bari in yaba wani shago yau, ƙaramin wajen fotokwafi da intanet ne a Nima, a Accra, in ka sauka daga motar haya ta trotro a kasuwa ba nisa. Yayana yana tsare a gidan yari a Amurka, ya shigar da ƙara da kansa ba loya, kan wani mai gadi da ya hana shi ganin likita. Sai ga takarda ya turo mana wai alƙali ya kori ƙarar. Hajiya ta kwana tana kuka, ita a ganinta shi ke nan an rufe magana.

Na kai takardar shagon don a buga min kawai, mai shagon ya ce ƙanwata zauna mu duba. Abin da ya fara faɗa min, ni fa ba loya ba ne, karatu kawai zan miki. Wallahi a nan ya saye ni, don wani da na fara zuwa wajensa a Maamobi tun kafin ya buɗe takardar ya yanka min kuɗi wai yana da mutum a Niyok.

Ashe korar ba ta har abada ba ce. Yayana sunan jiha ya rubuta a matsayin wadda yake ƙara, ita kuwa dokar da suke kira sashe na 1983, ta ƙarar ma'aikacin hukuma da ya tauye maka haƙƙi, mutum take so, wane ne ya yi maka, yaushe, me ya yi. Alƙali ya ba shi kwana 30 ya gyara, kuma wannan layin yana can shafin ƙarshe inda ba wanda ya kai a gidanmu. Ya kuma buɗo min dokar 1996 ta ƙarar fursunoni: sai ka gama bin matakan koke na cikin gidan yari tukuna kafin kotu, dala 350 na shigar da ƙara za a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan daga asusunka ko da an kore ta, sannan in aka kori ƙararka har uku don ba su da tushe to sai ka biya duka a gaba, sai dai in lafiyarka na cikin hatsari na kusa. Wannan na ukun ya tsorata ni sosai, don Yaya mutum ne mai son rubutu.

Amma fa wajen akwai zafi, fanka ɗaya ce kuma kanta kwamfuta take kallo ba mutane ba. Dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya kama mu rabin aiki, ba janareto, na zauna kusan awa guda a benci. Firintar ma tana cin gefen shafi, sai da aka sake biyu, bai caje ni na sakewar ba dai.

Yana karɓar MoMo, wato kuɗi ta waya. Ran Juma'a kar ku je kafin a sauko masallaci, a kulle za ku samu.