Mai fentin kwana uku ko mai cewa a jira bango ya bushe, wa za a ba aikin?

Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya mayar da alheri ya kiyaye gaba. Na ga tambayarka, ka ce ruwa ya shiga gidanka har gwiwa ya kwana biyu kafin ya janye, yanzu bango ya yi baƙi-baƙi da fumfuna ɗakuna sai warin danshi, kuma mutum biyu sun zo sun duba. Na farko ya ce a ba shi kwana uku ya kankare ya shafa fenti ka dawo da iyali, na biyu ya ce sai an sassaƙe filasta an bar bango ya sha iska na makonni, kuɗinsa kuma ya kusa ninka na farkon.

Ni dai na biyun zan ba gaskiya, amma ba ido rufe ba.

Duba abin da kowannensu ya kalla da ya shigo. Mai fenti fuskar bango ya kalla, shi tabon ne damuwarsa. To bulo yana shan ruwa ne har ciki, danshin kuma yana hawa sama ya wuce inda layin ruwan ya tsaya, ita kuwa fumfuna cikin awa 24 zuwa 48 take fara tsirowa in wuri ya jiƙe bai bushe ba, ka ga naka ya wuce haka tuni. In aka shafa fenti a kan jiƙaƙƙen bango, musamman mai mai ɗin nan mai ƙyalli, an kulle ruwan a ciki kenan, kwana kaɗan sai ka ga ya kumbura yana ɓarewa farin gishiri na fitowa ta ƙasa, baƙin ya dawo ta bayan kabad da gado inda iska ba ta kaiwa. Kamar a ɗaure gyambo ne ba a wanke ba. Kuma fa ruwan ambaliya ba ruwan sama ba ne mai tsafta, yana tafe da na kwata da masai da sokawe, ai mun ga Maiduguri da dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumba 2024, ba a daɗe ba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Wanda bai yi maka maganar wanke ƙasa da bango da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba kafin fenti, wallahi bai san aikin ba ko kuma ya sani sauri yake ya karɓi kuɗi.

Na biyun maganarsa ta fi kama da ta wanda ya san aiki, sai dai tsada ba ita ce amana ba, akwai masu tsawaita aiki don kuɗi ya ƙaru. Zaunar da shi ka tambaye shi ta ina ruwan ya shigo kuma har yanzu yana shigowa ne, ta ƙofa ne kawai ko ta ƙasan daɓe yake tsattsafowa, ko magudanar layinku ce ta toshe, don in ba a tare hanyar ba duk aikin banza ne damina mai zuwa. Tambaye shi da me zai gane bango ya bushe. Wasu suna da 'yar na'urar auna danshi, in ba shi da ita akwai dabara mai sauƙi, a manna leda a bango a liƙe gefenta da salatif ta kwana, in da safe ka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu to da saura. Sannan me zai ce a zubar? Mai gaskiya zai faɗa maka abin da ba ka son ji, katifar soso da kafet da kabad na katakon matse da suka sha wannan ruwan da wuya su gyaru, tayil da ƙarfe da roba kuwa wanki ya ishe su. Wanda ya ce komai zai gyaru daɗin baki yake maka.

Wuta kuma kar ka bar wa ko ɗaya daga cikinsu, soket ɗin da ya nutse mai wayarin ne zai buɗe ya duba kafin a kunna. In ka ga tsagewa a bango wadda da babu ita ko daɓe ya zauna, wannan ya fi ƙarfinsu su duka biyun, injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, za ka nema. Gidan ƙasa kuwa kar a kwana ciki sam sai an duba gindin bangon.

Lokacin kankara a fitar da yara da tsofaffi da mai asma, masu aikin su sa takunkumi da safar hannu, taga a buɗe, kuma ruwan bilic na kashe ƙwayoyin cuta irin su Hypo ko Jik da ruwa kaɗai ake sirka su, kar a haɗa da maganin wanke masai, iskar da ke tashi tana illa ga huhu.

Mai fentin ba na ce ka kore shi ba fa. Da ɗigar kwano ce 'yar kaɗan aka toshe wuri ya bushe, shi ne daidai kuma ya fi araha. Ko yanzu kana iya raba aikin, na biyu ya yi sassaƙa da wanki da sabuwar filasta, in hunturu ya busar da komai ka kira na farkon ya yi fenti. In aljihu bai kai ba a fara da ɗakin kwana ɗaya.

Batun kuɗi, duk wanda za ka ba aikin ka ce masa ya kai ka gidan da ya gyara wanda damina ta riga ta wuce a kansa, ka shiga da kanka ka shinshina ka tambayi mai gidan. Ku rubuta komai a takarda gaban shaidu biyu, tsayin filastar da za a cire, buhun siminti nawa, wa zai sayi kaya. Kafin alƙalami kar ya wuce na kayan aiki, sauran kashi-kashi, na ƙarshe ka riƙe sai ledar nan ta kwana ta tashi a bushe.