Sabon filin ajiye motoci na kasuwarmu

Bayan doguwar muhawarar da kansiloli suka tafka kan gyaran titin kasuwa, ƙaramar hukumarmu ta hana ajiye mota a bakin hanya, ta ware fili bayan rumfunan 'yan hatsi. Huruminta ne, domin kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota. Na gwada filin ranar kasuwa. Titin ya samu sarari, mai karɓar kuɗi kuma ya yanka mini rasit ba gardama. Sai dai ba a zuba tsakuwa ba, don haka ruwan da aka kwana ana yi ya mayar da mashigar taɓo, har wata akori-kura ɗauke da buhunan masara ta kafe, ta tare mu duka sai da matasa suka tura ta.