Kafin ka sayi gidan reza, karanta wannan

Tunda na daina zuwa shagon aski duk sati na koma yi ma kaina a gida, abokai a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura suke ta tambayata wane irin abin aski ya kamata su saya, musamman masu fama da ƙurajen ƙeya irin waɗanda na yi fama da su a baya. Bayanin ya yi yawa a riƙa maimaita shi ɗaya bayan ɗaya, shi yasa nace bari in rubuta gaba ɗaya. Ni dai gemuna ina barin shi, abinda nake askewa shi ne kai da ƙeya da ƙasan wuya, sai tsaftar jiki wadda hadisi ya ce kar a wuce kwana arba'in ba a yi ba. To duk abinda zan faɗa a nan ne na gwada shi.

Wanda nake so, kuma shi zan ce kowa ya saya, shi ne gidan reza na ƙarfe mai kashi ukku, irin wanda iyayenmu ke ajiyewa a cikin akwati, wanda ake sa mashi reza mai baki biyu, wannan dai rezar ta kowa da kowa irin su Tiger da Nacet da ake samu a kowane tebur. Kashi ukkun su ne murfi na sama, faranti na ƙasa, sai mariƙi. Ka ɗora reza a kan murfi, ka kifa faranti, ka murɗa mariƙi ya ɗaure, shikenan. Ba sifirin a ciki, ba ƙofa, ba wani abu da ke motsi balle ya lalace.

Mutane na ɗauka rezar ce kaɗai ke aski, gidan kuwa abin riƙewa ne kawai, kuma a nan ake yin kuskure. Rezar nan kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, in ka riƙe ta a hannu lanƙwasa take kamar takarda. Aikin murfi shi ne ya danne ta ya ɗan lanƙwasa ta a kan faranti har ta sandare ta daina rawa, don bakin reza in yana rawa ko kaɗan to tsalle yake a kan fata, kuma wannan tsallen ne ke kawo yanka da raɗaɗi. Sannan a gefen faranti akwai ɗan karan ƙarfe da ke riga reza taɓa fata, shi ke shimfiɗa ta ya miƙar da ita kafin baki ya iso. Tazarar da ke tsakanin wannan karan da bakin reza ita ce ke nuna zafin gidan: in ta yi faɗi fata na shiga da yawa, aski ya fi ƙwalƙwal amma yanka ya fi kusa, in ta yi ƙanƙanta aski ya zo da sauƙi sai dai wani lokaci ka sake bi. Sai abu na biyu, yawan yadda bakin ya leƙo waje. Ka ɗauka an ja zare daga gefen murfi zuwa karan nan, in bakin reza ya wuce zaren to gidan mai zafi ne, in ya tsaya daidai ko ya ɗan noƙe ciki to mai sanyi ne. Wanda bai saba ba mai sanyi zai nema, kuma mu masu gashi mai nannaɗewa ko mun saba ɗin ma shi ya fi mana.

Tsarin ba sabo bane. Wani Ba'amurke King Camp Gillette ne ya fito da dabarar siririyar reza da za a yi amfani da ita a yar, wani injiniya William Nickerson ya ƙera injin da ke yin ta, a 1903 da suka fara sayarwa gida 51 da reza 168 kacal suka sayar a shekarar. Lokacin yaƙin duniya na farko ne aka raba ma sojojin Amurka, daga nan ya bazu duniya. Samfurin da ake kira Tech, wanda kamfanin Gillette ya fitar a ƙarshen shekarun 1930, shi ne mai wannan karan a maimakon haƙora irin na matsefi, kuma har yau da yawa daga masu ƙera gidan reza tsarin shi suke bi. Na kawuna da ya rasu irin shi ne, ruwan da aka shafa mashi ya goge a gefe har tagulla ta fito ja-ja, amma ɗaurin shi ƙam yake kamar jiya aka saya. In kana da hali akwai Edwin Jagger DE89 na Ingila da Mühle R89 na Jamus, su ma kashi ukku ne masu sanyi, akwai Merkur 34C na garin Solingen a Jamus wanda shi kashi biyu ne, faranti a manne da mariƙi, gajere mai nauyi. In ba hali, kamfanin Lord na Masar na yin masu araha da ke aiki lafiya. Abin daɗin shi ne duk reza mai baki biyu tana shiga kowanne cikinsu, wannan yankan mai ban mamaki da ke tsakiyarta an yi shi ne don ta hau gidaje iri-iri, saboda haka ba wanda zai ɗaure ka da kayan shi.

Yadda ake riƙe shi kuwa, kar ka danna. Nauyin ƙarfen ya isa. Ka jiƙa gashi da ruwan ɗumi sosai, ka sa kumfar sabulu, ka ɗora murfin a kan fata sannan ka riƙa sauko da mariƙi a hankali har ka ji bakin ya fara kama gashi, wajen digiri 30 kenan, sai ka bi inda gashin ya kwanta da gajeren ja, kar ka yi gaba da gaba da shi. In ka gama ka goga alif, wannan da ake sawa a ruwa ya kwanta, sai man kaɗe kaɗan in lokacin hunturu ne.

Sauran kuwa ba zan ɓata maku lokaci ba. Mai haƙora kamar matsefi na mai gashi ne da ya yi tsawo, ba na ɗan koyo bane. Mai karkataccen kai da ke murɗe reza shi ma haka. Mai lambobi da ake juyawa a ƙara zafi ko a rage, irin Merkur Futur, kuɗi ne da yawa kuma ƙarshenta lamba ɗaya za ka tsaya a kai. Na roba da ake yi sau ɗaya a yar, wanda Bic suka fito da shi a 1975, na matafiyi ne. Kilifa tana da kyau ga mai ƙuraje tunda bata kai ga fata, amma bata ƙwalƙwal kuma sai da wuta ko caji. Askar wanzami ba abinda ya kai ta, sai dai a hannun wanzami, kai baka iya aske ƙeyarka da ita.

Masu baki da yawa a jere ne kawai zan ɗan tsaya a kansu, don su matasa suka fi ɗauka a matsayin ci gaba. An fara da baki biyu a jere a 1971, aka zo ukku a 1998, aka kai biyar a 2006. Dabarar ita ce bakin farko ya ɗan jawo gashi sama, na biyu ya yanke shi kafin ya koma, sai ya zama an yanke shi ƙasa da fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan santsi ne. Ga mu kuwa, gashin in zai fito nannaɗewa yake ya soki fata ta ciki ko ya fito ya lanƙwaso ya koma, nan take ƙurji ya tashi, shi yasa likitocin fata ke ba mai irin wannan matsalar shawarar baki ɗaya ko kilifa, gidan reza kuwa duk da rezar shi mai baki biyu ce baki ɗaya ne ke taɓa fata a lokaci guda. Na yi kusan shekara biyu ƙeyata kamar an watsa gero, hula ma in ta taɓa sai na ji, ban san daga inda abin yake ba. Ga shi kan da ake canzawa tsada gare shi, kuma gashi na toshe tsakanin bakunan.

Yanzu ga abinda ya sa ma na zauna rubutun nan. Jabu. Wallahi jabun gidan reza ya fi rashin shi illa.

Ana saura kwana biyu ƙaramar sallah na sayi wani mai buɗewa kamar ƙofa biyu, wanda in ka murɗa gindin mariƙi sai murfin ya rabe ka jefa reza ka rufe. A wajen wani mai tura kaya a baro na saya, sai ƙyalli yake, a cikin ɗan akwati har da madubi. Na ce mashi Malam wannan mai kyau ne? Ya ce Alhaji ai ɗan Jamus ne, ka ji nauyi. Shi wannan tsarin asalin shi ba laifi, tun 1934 ake yin shi kuma na gaskiyar suna aiki, amma yana da gaɓoɓi da yawa, in maƙerin bai da kirki to ƙofa ɗaya na riga ɗaya sauka. Haka nawa yake ban lura ba. Gefe ɗaya bakin ya noƙe baya cin komai, ɗaya gefen ya leƙo sosai, ni kuma ina juya shi a ƙeya inda ido baya gani. Yanka ukku na yi, ɗaya mai zurfi, da filasta na je idi a ƙarƙashin hula, kuma wurin ya ɗauki makonni kafin ya lafa. Tun daga ranar bana sayen gidan reza sai na sa mashi reza a gaban mai shi.

Don Allah kai ma ka yi haka. Ka tafi da rezarka a aljihu, ka ɗaura, ka ɗaga shi sama wajen haske ka kalle shi ta saman murfi. Bakin dama da na hagu dole su leƙo daidai wa daida, kuma kowane baki ya tafi a miƙe da karan daga wannan kusurwa zuwa waccan, in ka ga ya buɗe a gefe ɗaya ya matse a ɗaya to aje shi. Ka kwance ka sake ɗaurawa sau biyu ko ukku, in kowane lokaci rezar na zama a wuri daban to ƙusoshin da ke riƙe ta sun yi mata lako-lako. Ka shafa yatsa a gefen murfi da karan ba tare da reza ba, in ka ji kaushi ko wani ɗan tsini to fatarka zai ci. Mai kayan da ya hana ka gwadawa ka bar mashi abin shi.

Nauyi kuma kar ya ruɗe ka, da shi aka ruɗe ni. Yawancin kawunan gidan reza na yanzu, har na manyan kamfanoni, da tutiya ake zuba su a shafa masu ruwan kurom mai ƙyalli, kuma in an yi da kyau suna shekaru, sai dai tutiya bata son faɗuwa a kan siminti kuma bata son a ɗaure ta da ƙarfin tsiya, ƙusar tsakiya ce ke karyewa. Na jabu ruwan siriri ne, wata biyu ka ga yana ɓamɓarewa ƙasan ya yi toka-toka yana ramuka. Tagulla da ƙarfen da baya tsatsa sun fi ƙarko nesa ba kusa ba. In ka samu tsohon na tagulla a wajen 'yan gwanjo kuma bai lanƙwashe ba, ka saya, ka wanke shi tas da sabulu da burushi ka jiƙa shi a sifirit.

Ita kanta rezar an fi yin jabunta, don sunan da ya karɓu shi ake kwaikwayo. Ta gaskiya tun daga 1962 da Wilkinson Sword suka kawo wadda bata tsatsa, ana shafa ma bakinta wani siririn abu mai santsi irin na tukunyar da abinci baya kamawa, shi yasa ba a goge bakin da tsumma, ɗauraye shi kawai ake a girgiza. Jabu ba ruwanta da wannan, daga jan farko zaka ji tana tsige gashi hawaye na zuwa. Ka duba rubutun kwali, in ya yi dishi-dishi ko launin ya sha bamban da wanda ka sani, ko ka buɗe ka ga ɗigon tsatsa, ko farashin ya faɗi ƙasa warwas, kar ka saya. Wasu zasu kawo maka mayen ƙarfe su ce in bai kama ba ita ce ta gaske, wannan ba gwaji bane, ƙarfen reza ko wanda baya tsatsa ne mayen ƙarfe na kama shi. Kuma kar ka ɗauki kwalin ɗari tashin farko, ka sayi ƙaramin fakiti ka gwada, in ta yi maka ka koma wurin mutum ɗaya a babbar kasuwa wanda ka san shagon shi, ba mai yawo ba da gobe baka ganin shi. Feather ta Japan kaifinta ya yi yawa ga ɗan koyo, Astra ko Derby sun fi sauƙin farawa, ni kuwa Nacet nake sawa, aski ukku in canza.

Wadda aka sayar maka a warware ba takarda, ko takardar ta nuna an taɓa buɗe ta, kar ta taɓa jikinka ko kyauta ce, ciwon hanta da ƙanjamau duk suna bin jini a bakin reza, haka kuma ba a aron gidan reza ko tsakanin wa da ƙane. Wadda ka gama da ita ka jefa a gwangwanin madara da ka huda ma 'yar tsaga, in ya cika ka bubbuge bakin ya rufe, don yara na tsintar su a bola su fere fensir ko su yanke farce. Maniyyata kuma masu tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa, rezar a babbar jaka ake sa ta, in tana jakar hannu za a karɓe.