Zaɓen amortisa ga motar pikop mai bin hanyoyin Tawa

Direban da ke zirga-zirga tsakanin Tawa da Abalak, ko mai kwasar albasa daga Galmi, yakan gane amortisarsa ta gaji tun kafin bakanike ya gaya masa: motar tana ci gaba da lilo bayan ta wuce rami, gabanta yana dungurawa idan an taka birki, tayoyi suna cinyewa tabo-tabo, wani lokaci kuma a ga mai ya jiƙe jikin ƙarfen. Wannan ƙarfen, wanda maƙwabtanmu na Najeriya suke kira shakazoba, ana yawan ɗora masa laifin da ba nasa ba, saboda haka yana da kyau a san aikinsa kafin a shiga shago.

Amortisa ba ta ɗaukar nauyin mota. Nauyi yana kan resor, wato lam, faifayen ƙarfen da aka jera a kan juna a baya, da kuma resor mai murɗe da ke gaban Hilux tun daga ƙirar 2005. Aikinta shi ne ta tsayar da lilon resor ta hanyar tilasta wa mai ratsa ƙananan kafofi, abin da ke mayar da jijjiga ta zama zafi. Idan bayan mota ya zauna ƙasa ko da babu kaya, lam ne ya saki, kuma babu amortisar da za ta ɗaga shi. Haka kuma pikop ɗin da ke tsalle idan babu komai a bayansa, sau da yawa lam ɗin da aka ƙara masa don ɗaukar buhuna ne sanadi, ko iskar taya da aka cika fiye da kima.

Mafi araha a kasuwa ita ce mai bututu biyu wadda mai kaɗai ke cikinta. Tana da laushi, kuma ta ishi motar da ba ta fita daga gudron ɗin cikin gari. Rauninta yana bayyana a hanyar jar ƙasa mai gargada, inda take motsi babu hutu: man yana zafi, ya gauraya da ƴar iskar da ke cikin bututun waje ya yi kumfa, sai direba ya ji kamar an cire ta daga motar. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, hakan yana faruwa da wuri.

Sama da ita akwai mai bututu biyu da aka ɗura wa iskar nitrojin kaɗan domin hana kumfa, irin KYB Excel-G. A ganina ita ce ta dace da yawancin mutane, musamman wanda tafiyarsa ba ta wuce Tawa zuwa Ƙonni da Yamai, domin tana mayar da mota kusa da yadda ta fito daga masana'anta, kuma bututun waje yana kare na ciki daga dutsen da taya ke harbowa. Old Man Emu Nitrocharger ta ƙasar Ostareliya ita ma daga wannan dangi take, sai dai an ƙera ta domin kaya da daji, kuma ta fi nuna kyanta idan an haɗa ta da lam ɗin kamfanin.

Mai bututu ɗaya, irin Bilstein B6 ko KYB Gas-a-Just, ƙirarta daban ce. Bafaranshe ne mai suna de Carbon ya ƙirƙiro ta a shekarun 1950, inda wani fistan mai yawo yake raba mai da iska mai matsi sosai, ta yadda ba sa haɗuwa. Tun da man yana taɓa bangon waje kai tsaye, zafi yana fita da sauri, shi ya sa take riƙe ƙarfinta bayan awowi a kan hanyar Cintabaradan. Tana da tsada, takan fi tauri a kan ƙananan ramuka idan motar babu kaya, kuma idan dutse ya lotsa jikinta fistan zai iya cijewa, alhali mai bututu biyu za ta ci gaba da aiki da irin wannan lotsawar. Wanda yake kwana a gargada ya biya kuɗinta. Wanda yake neman laushi a cikin gari kuwa zai iya yin nadama.

Amortisa masu ɗan tankin mai na daban a gefe da waɗanda ake saita taurinsu da hannu, kamar Rancho RS9000XL mai matakai 9, kayan marmari ne ga mafi yawanmu, kuma samun mai gyara su ba abu ne mai sauƙi ba.

Na hannu ƴan Kwatano suna jan ido saboda araha, amma ba a ganin lalacewar cikin amortisa da ido, kuma danna ta da hannu a bakin shago ba ya nuna yadda za ta yi idan ta ɗauki zafi. Jabu ma suna nan cikin kwali mai sunan manyan kamfanoni, don haka a duba ko lambar da aka buga a jikin ƙarfen ta yi daidai da ta kwalin. A tafi da lambar shasi da tsohuwar amortisar, a gwada tsawonta da na sabuwar a miƙe da kuma a matse, domin gajera tana tsinkewa a motar da aka ɗaga, doguwa kuma tana bugun ƙarshenta idan an yi lodi. A canza su biyu-biyu, hagu da dama, tare da silanblok, wato robobin da ke wurin ɗaure ta, sannan a roƙi malam bakanike kada ya ƙarasa ɗaure notuna sai ya sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta, in ba haka ba robobin za su murɗe su yage cikin ɗan lokaci.