Naɗin koyil ɗin kurosoba wurin mai naɗin fanka a Katsina: yadda na samu aikin

Masu haɗa akwatin sifika a garin nan sun san wahalar da ake sha kan kurosoba, wato allon da ke raba murya, ya tura bes ga babbar sifika, siririyar murya kuma ga hon, ƙaramar sifikar sama. Wanda ake kawowa haɗaɗɗe daga Sabon Gari ta Kano ko kasuwar Alaba ta Legas, in ka juya bayan allon sai ka ga koyil ɗin ɗan mitsitsi, waya siririya an naɗe ta kan guntun baƙin ƙarfe, amma a kwali an rubuta wat dubu. Shi ya sa na koma bada naɗi da kaina, kuma shagon da nake kaiwa wani mai naɗin fanka da sumo da janareta ne ta wajen Ƙofar Ƙaura, ba mai kayan sauti ba ne ko kaɗan. Aikinshi nake son in yi magana a kai, mai kyan da kuma inda ya gaza, don na san akwai masu akwatin haya na biki da wa'azi da Maulidi da za su amfana.

Abu na farko da ya sa na tsaya wurinshi waya ce. Kofa zalla, wato jan ƙarfe, yake saidawa a kilo, kuma bai ɓata rai in ka ce za ka gwada. Kasuwa yanzu ta cika da wayar alminiyam da aka yi wa fentin jan ƙarfe a sama, a ido ba ka bambance su, sai ka kankare da reza ka ga cikin fari fat, ko ka ɗora ta kan wutar laita ka ga ta lanƙwashe ta zube, don alminiyam na narkewa tun a digiri 660 shi kuwa kofa sai ya wuce 1,000. Ko a hannu ma ana ganewa, nauyin kofa ya ninka na alminiyam sau uku da ɗoriya. Illarta a kurosoba ita ce kauri ɗaya tsawo ɗaya amma tana tare wuta fiye da kofa da wajen kashi 60 cikin ɗari. Shi da kanshi ya miƙo mani reza ya ce "Malam kankare ka gani, ni ban ajiye waccan", na kankare kuwa ja ce har ciki. A nan kam ban da abin cewa sai Allah ya ƙara mashi albarka.

To sai maganar geji, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa kuma shi ma bai san da ita ba. Lissafin da muke gani a intanet kusan duk da lambar Amurka ake yinshi, wato AWG, su kuwa masu naɗi na nan yawanci da lambar Ingila suka saba, SWG, kuma lambobin ba ɗaya ba ne. Geji 18 na Amurka kaurinshi milimita 1.02 ne, geji 18 na Ingila 1.22. Geji 16 na Ingila milimita 1.63 ne wanda shi ne daidai 14 na Amurka. In ka je ka ce a ba ka 18 kawai to Allah kaɗai ya san wadda za ka samu, sa'ar dai ita ce ta Ingila ta fi kauri, asarar a aljihu take ba a sauti ba, amma fa adadin zagayen da ka kwafo ba zai zauna a kan bobin ɗinka, wato abin da ake naɗa wayar a kai, ba kuma inda koyil ɗin zai yanke murya zai gusa. Ni da milimita nake mashi magana, yana da maikuromita a shagon ya auna a gabana, shi ke nan ba gardama.

Akwatunan da na yi wa aikin masu inci 15 ne, om 8, da hon a sama, na yanke a 2,000 Hz da koyil ɗaya kafasita ɗaya kowane ɓangare. Lissafin koyil na irin wannan haɗin ba wuya, ka ninka om ɗin sifika da 225 ka raba da inda kake son yankewa, ya ba ni 0.9 mH, wato milihenri da ake auna koyil da shi, kafasita kuma wajen 7 µF, na sa 6.8 da ake samu, marar fas da nagatif. Wannan mafari ne kawai don sifikar da aka rubuta wa om 8 ba ta zama a 8 in murya ta hau sama, sai ka saurara ka gyara. Amma dai dole ka je shagon da lambarka a rubuce don shi ba zai lissafa maka ba.

Koyil ɗin babbar sifika shi ya fi cin waya mai kauri, saboda duk wutar da amfilifaya ta turo ta cikinshi take bi kafin ta kai sifika. In shi kanshi koyil ɗin ya auna om 1 a gaban sifika mai om 8, kashi ɗaya cikin tara na wutarka ya tafi a zafi, a wat 300 kenan ka ƙona sama da wat 30 cikin akwati a rufe, ga ranar Katsina ta watan Afrilu ga akwati baƙi an girke shi a fili tun azahar. In om 4 ne ma abin ya fi muni, ɗaya cikin biyar. Kuma ba ƙara kaɗai ke raguwa ba, bes ɗin ma sakewa yake ya riƙa gunji maimakon ya buga ya tsaya. Abin da ake bi shi ne kar ya wuce kashi 5 cikin ɗari na om ɗin sifika, wato 0.4 ga mai 8. Da milimita 1.22 ya naɗa mani, ba ƙarfe a ciki, kowane ɗaya ya ci kusan kwatan kilo, da na auna kuma wajen 0.3 ya ba ni bayan na cire na wayoyin mitar. Na hon kuwa ba a hanyar wutar yake ba, gefe yake ratsawa, geji 20 na Ingila ya ishe shi, duk wanda ya ce ka sa mashi 16 kuɗinka kawai yake son ka zubar.

Hannunshi a naɗi wallahi sai wanda ya gani. Layi bisa layi a matse ba waya ta hau wata, injin hannu mai ƙirga zagaye, ya gama ya tsoma a banish ya gasa da fitila kamar yadda yake wa koyil ɗin fanka da sumo, ya fito kamar dutse. Wannan ba ado ba ne, koyil ɗin da ya saki yana zizza in bes ya buga, a hankali fentin wayar ya goge ya haɗe. Wanda ya shekara yana naɗin sumo da ke kwana cikin rijiya ya riga ya san wannan fiye da mu.

Inda na samu matsala da shi, na ɗaya ba shi da mitar auna milihenri. Mitar da ke shagon ta om da bolt ce, ita ba ta ganin wannan, to shi da ƙirgen zagaye kawai yake aiki, alhali zagaye iri ɗaya kan bobin daban ba ya bada abu ɗaya. Ni na zo da tawa mitar LCR, muka yi ta haka: ya naɗa ya ɗan wuce, mu kankare bakin waya mu auna, sannan a riƙa warwarewa kaɗan-kaɗan har ta sauka kan 0.9. A kula, saukar da sauri take, in ka cire kashi 10 na zagaye kusan kashi 19 ke tafiya, kuma ragewa ta fi ƙari sauƙi don ƙari sai da jonin solda a tsakiya. Wanda ba shi da wannan mita ya ara ko ya saya kafin ya je, in ba haka ba akwatin dama da na hagu ba za su yi murya ɗaya ba kuma ba laifin mai naɗi ba ne.

Na biyu, son ƙarfe. Da ya ga yawan wayar da ke tafiya sai ya ce "Alhaji me zai hana mu sa mashi ƙarfen taransifoma, rabin wannan ma ta isa". Gaskiya ya faɗa ta fannin waya, kuma don ya rage mani kashe kuɗi ya faɗa, sai dai shi a saninshi ana rufe ƙarfen ruf kamar na sitabilaiza, E da I a haɗe, a kurosoba kuwa in ka rufe shi haka da ka ɗaga murya ƙarfen ya ƙoshi, koyil ya daina aikinshi, sauti ya fara tsagewa daidai lokacin da taro ya cika. In za a sa ƙarfe to a bar mashi gibi, ko a jera I ɗin kawai a naɗe a kai. Kuma ban ga dalilin ƙarfe a abin da bai kai 2 mH ba. Wurin ƙarfe sab ne, wato sifikar bes zalla, misali inci 18 mai om 8 da za a yanke a 150 Hz da koyil ɗaya kawai ba kafasita yana son wajen 8.5 mH, in ka ce ba ƙarfe da geji 16 na Ingila za ka doshi kilo biyu na kofa kuma duk da haka om ɗin ya wuce yadda ake so. Ni a ra'ayina mai sab ya haƙura da koyil gaba ɗaya ya sayi kurosoba mai wuta da ake sawa kafin amfilifaya, ya fi sauƙi ya fi tsafta.

Yaron shagon ma ya so ya ɗaure mani su a katako da noti na ƙarfe ta tsakiya, na hana, don ƙarfen nan yana canja awon da muka sha wahala muka daidaita. Da igiyar roba da gam na ɗaure, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, nesa da juna kuma nesa da maganaɗisun sifika, in suka kalli gefe ɗaya kusa da juna ɗaya na zuba wa ɗaya sauti har ka ji bes na leƙowa ta hon.

Sai lokaci. Lokacin zafi fanka ke cika mashi shago, lokacin noman rani kuma injin ban ruwa, aikin koyil ƙarami ne a wurinshi to baya yake komawa, in ka bari ka tafi za ka dawo ka tarar ba a taɓa ba. Gara ka je da safe ka zauna a yi a gabanka, dama kana buƙatar zama don awo. Kuɗin hannu bai tsauwala ba, kofa ce ke da tsada kuma farashinta na bin dala, ka tambaya ranar da za ka je.

Akwatunan sun fita aiki, muryar mai wa'azi na fita tas ba ta shaƙe ba, kuma bayan taro na sa hannu kan koyil ɗin ɗumi kawai na ji. Mai haɗa akwati biyu ko huɗu na haya zan ce ya je wurin irin waɗannan masu naɗi ba tare da shakka ba, da takardar lissafinshi da mitarshi da guntun bututun roba da zai zama bobin. Mai ƙaramar sifikar ɗaki da ba ta wuce wat 50 ba kuwa, haɗaɗɗen na kasuwa ya ishe shi.