Kyamarar zafi mai karanta motsin hannu: wacce za ka saya a Katsina?

Duk ɗalibin da ya zo mini da maganar haɗa kwamfutar da za a riƙa ba wa umarni da motsin hannu, nakan fara tambayarsa ɗakin da zai kafa ta. Kyamarar zafi ɗumin jiki take gani, ba ruwanta da haske, shi ya sa ko an ɗauke wuta da tsakar dare tana aikinta. Sai dai ɗumin fatar hannu yana kusan digiri 33 ne, mu kuwa a watan Afrilu zafin Katsina kan haura 40.

Na gani da idona a shagona mai rufin kwano. Da hunturu hannuna ya fito jawur a allo, bango shuɗi. Da bazara ta kama, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, bango ya ɗumama daidai da hannu, hannun ya ɓace ɓat. Bayan Azahar ma abin ya juye, hannun ya fi bangon sanyi, manhajar da aka koya wa neman abu mafi zafi ta koma bin bango. Wannan ya kamata ka riƙe kafin ka zaro kuɗinka.

Mafi araha ita ce AMG8833 ta kamfanin Panasonic. Ɗigo 64 kacal gare ta (ɗigogin da ke haɗuwa su ba da hoto), takwas sau takwas, tana ɗaukar hoto 10 a daƙiƙa. Za ta gane hannu ya wuce daga dama zuwa hagu, amma ba ta ƙirga yatsu. In kunna fanka ko fitila kawai kake so, ta wadatar.

Wadda na fi ba mutane shawara ita ce MLX90640 ta kamfanin Melexis na Beljiyam. Ɗigonta 768, wato 32 sau 24, don haka daga kusa tana bambanta dunƙulallen hannu da buɗaɗɗen tafi. Iri biyu ce, kuma a nan ake yawan yin asara: akwai mai faɗin gani digiri 55, akwai mai 110. Ta biyun don sa ido a ɗaki gaba ɗaya aka yi ta, hannu kan zama ɗan tabo a cikinta. Ka nemi mai 55. Kada kuma ka haɗa ta da Arduino Uno, ɗaya daga cikin ƙananan kwamfutocin da ake jona irin wannan kyamara da su, ƙwaƙwalwarsa ba za ta ɗauka ba. ESP32 ko Raspberry Pi ne abokan tafiyarta. An rubuta tana kai hoto 64 a daƙiƙa, amma da zarar ka ƙara mata gudu hoton sai ya cika da dishi-dishi.

FLIR Lepton 3.5 ta fi su duka, ɗigonta 160 sau 120, yatsu na fitowa rangaɗau, ko a ɗaki mai zafi ta fi iya tsamo hannu. Tsadarta fa ba wasa, ga allon haɗawa da za ka saya daban, kuma hotonta bai kai tara a daƙiƙa ba saboda dokar fitar da kaya ta Amurka. Motsi mai sauri na iya kuɓuce mata.

In ɗakinka na da haske kullum, ka fara gwada kyamarar kwamfuta ta yau da kullum da manhajar MediaPipe ta Google, wadda ke bin wurare 21 a hannu, kuma kyauta ce. In ka tsaya a kan ta zafi, kada ka rufe idonta da gilashi don tsoron ƙurar hunturu, domin ba ta gani ta cikinsa. Ka juya ta ga bangon da rana ba ta duka, ka kuma tattara hotunan koyar da manhajar da asuba da tsakar rana duka.