Matoshin ƙahon tuba mai batir: yadda yake a Jamus, da ko zai yi mana amfani a Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa mabusa na fanfar, wato ƙungiyar masu busa ƙahoni, a Garwa da Marwa ta Kamaru. Kun tambayi yadda masu babban ƙahon tuba suke gwaji a nan Jamus ba tare da rigima da maƙwabta ba.

A nan gidajen haya hawa-hawa ne, bango ɗaya ya raba ka da wani. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, Lahadi kuma ana so a sassauta. A 2018 babbar kotun tarayya, a shari'ar wani mai busa ƙaho, ta nuna cewa awa 2 zuwa 3 a ranakun aiki da awa 1 zuwa 2 ran Lahadi shi ne daidai. Muryar tuba kuwa tana ƙasa sosai, tana ratsa bango da daɓe fiye da ta ƙananan ƙahoni. Shi ya sa ake sayen matoshi, abin da ake toshe bakin ƙaho da shi don rage ƙararsa.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sani shi ne Silent Brass na kamfanin Yamaha, da aka fara fitarwa a 1995. Kashi uku ne: matoshin da ake zurawa cikin faffaɗan bakin ƙahon, da ɗan makirfo a cikinsa, ƙaramin akwati mai cin batir AA guda 2, sai abin sawa a kunne. Ka zauna, ka zura matoshin a hankali har ya kama ko'ina, ka haɗa wayarsa da akwatin, ka rage ƙara zuwa ƙasa kafin ka kunna, sannan ka ɗaga kaɗan-kaɗan. Akwai ramin da za ka jona wayar salula ka bi kiɗan da kuke koyo na faretin ranar ƙasa ta 20 ga Mayu. Kai kana jin cikakkiyar murya, na ɗakin kusa yana jin ɗan gunji kawai.

Ga inda ake samun matsala. Matoshi yana tare iska, sai ƙahon ya riƙa turo ta baya. Muryoyin can ƙasa su ne suke fara cushewa, kuma sau da yawa murya tana ɗan haurawa sama, don haka a ajiye ma'aunin murya na waya a gaba, a jawo babban bututun daidaitawa gwargwadon abin da ya nuna. Babban kuskure shi ne rage ƙarar kunne da yawa: mutum bai ji kansa ba sai ya yi ta busa da ƙarfi, leɓe ya gaji, ran da ya cire matoshin ya tarar muryarsa ta yi kauri ba daɗi. Abin da na fi ba da shawara shi ne a bar wa matoshi aikin yatsu da karatun kiɗa, dogayen muryoyi kuma a yi su ƙaho a buɗe, ko da minti 15 ne a rana. A riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a bututu, a cire matoshin bayan gwaji ya sha iska.

Wajen ciniki, a gaskiya Jamusawa sun fi mu sauƙi. Abin da ka saya ta intanet doka ta ba ka kwana 14 ka mayar, da garanti na shekara 2. Shagon kayan kiɗa na Thomann ma kwana 30 yake bayarwa. Wannan yana da muhimmanci domin bakunan tuba ba girmansu ɗaya ba. Idan kaya ya iso Garwa, an biya jirgi an biya duwan, wato kwastam, matoshin bai shiga bakin ƙahon ba, asara ce. Kafin ku aiko a saya muku, ku auna faɗin bakin da santimita, ku turo sunan kamfani da hoto. Wanda nasa mai zagaye jiki ne, mai baki yana kallon gaba, kada ya saya, ba don shi aka ƙera ba.

Ɗauke wuta ba ya hana shi aiki, wannan kam ya dace da mu. Amma zafin Maris da Afrilu yana sa batir ya yi yoyo ya cinye ƙarfen akwatin, sai a riƙa cire shi bayan amfani, a kuma rufe makirfon daga ƙurar hunturu.

A ganina, ƙungiyar da ke da filin makaranta ko bakin Binuwai ta fara kashe kuɗinta a kan man fiston, wato maɓallan da ake dannawa a ƙahon, da gyaran bututun da ke zubar da iska. Matoshin ya fi dacewa da ɗalibin da ke gidan haya a Yawunde ko Duwala, wanda sai dare yake samun lokaci.